Hitar Mota Ta Ƙi Yin Ɗumi: Me Take Faɗa Wa Maigida?

Wata tara ko goma a shekara, ba mai tunawa da hitar mota a ƙasarmu. Zafi ne abokin gabanmu, shi muke gudu. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ta sauko daga hamada, labari yakan sake. A Jos, inda gari yake bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, sanyin dare yakan sauka zuwa wajen digiri 10 na ma'aunin Selsiyas. A Gembu, bisa tsaunin Mambila, haka abin yake, ko ma ya fi. Kano da Zariya da Damagaram su ma suna shan darin asuba. A wannan lokaci ne kuwa iyalai suke yawan tafiya, ana sammako da yara domin a gaida dangi a hutun ƙarshen shekara.

To, sai maigida ya murɗa hita, ya jira. A yi tafiyar minti 20, iskar da take fitowa ba ta da bambanci da ta waje. Yara suna rawar ɗari a baya, numfashin mutane ya rufe gilashin gaba da tururi, direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana shafe gilashi da ɗayan. Yawancinmu mukan ce, "Ai tsohuwar mota ce," mu ƙara rigar sanyi, shi ke nan.

Kada mu yi saurin sallamar maganar. Hita ba ta da wuta ta kanta. Zafin da take ba mu, daga ruwan injin take aro shi. Saboda haka idan ta yi jinkirin ɗumi, sau da yawa ba ita ce marar lafiya ba, manzo ce kawai, tana kawo labarin abin da yake faruwa a cikin injin. Wanda ya saurare ta da wuri yakan tsira daga babbar hasara.

Yadda hita take aiki

Injin yana ƙona mai, ƙonewar kuwa tana haifar da zafi mai yawa. Domin kada ƙarfe ya lalace, ruwa yana zagaya cikin jikin injin, famfon ruwa yana tura shi. Ruwan ya kwashi zafi, ya kai lagireto a gaban mota, iska ta sanyaya shi, ya komo.

A bayan dashbod, inda ido ba ya gani, akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, girmansa bai fi na littafi mai kauri ba. Shi ne zuciyar hita. Tiyo biyu suna haɗa shi da injin, ɗaya yana kai ruwan zafi, ɗaya yana komo da shi. Wata fanka tana hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki ɗumi ta shigo wurin fasinja. Maɓallin zafi da sanyi da direba yake murɗawa, a waɗansu motoci yana buɗe famfon da yake barin ruwa ya shiga, a waɗansu kuwa yana juya wani ɗan marfi ne wanda yake gauraya iskar ɗumi da ta sanyi.

Akwai kuma mai gadi guda ɗaya wanda dukan aikin ya rataya a wuyansa. Makanikai suna kiransa tamostat. Ɗan ƙyaure ne mai kamar murfin kwalba, yana zaune a hanyar da ruwa yake bi tsakanin injin da babban lagireto. A cikinsa akwai kakin da yake kumbura idan ya ji zafi. Sa'ad da injin yake da sanyi, ƙyauren yana rufe, ruwa yana zagaya cikin injin da hita kaɗai, har ya yi zafi da sauri. Idan ruwan ya kai awon da aka tsara, yawanci tsakanin digiri 82 da 92, kakin ya kumbura, ƙyauren ya buɗe, ruwa ya wuce lagireto. Ana buga lambar awon a jikin tamostat ɗin.

Ke nan abu huɗu ne ake bukata kafin iyali su ji ɗumi: injin ya yi zafi, ruwa ya isa, ruwan ya sami hanyar ratsa zuciyar hita, iska kuma ta bi ta kanta ta fito. Idan ɗumi ya yi jinkiri, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya kāsa. Bari mu bi su da ɗaɗɗaya, mu fara da wanda ba ya cin ko kwabo.

Da fari, dubi allurar zafi

Motar fetur mai lafiya takan fara ba da ɗumi bayan tafiyar minti 5 zuwa 10. Mai shan man gas takan fi haka jinkiri, gama injinta ba ya zubar da zafi da yawa kamar na fetur. Ka lura, tafiya muka ce. Injin da aka bari yana aiki a tsaye a ƙofar gida ba ya saurin ɗumi, mai kawai yake sha. Ka tayar, ka ba shi kamar minti ɗaya, sa'an nan ka tashi a hankali ba tare da taka wuta da ƙarfi ba.

Kana cikin tafiya, ka sa ido a kan allurar zafin injin. Kamata ya yi ta hau zuwa wajen tsakiya, ta tsaya a nan, ko ana hawan tudu ko ana gangare. Idan bayan minti 15 tana nan kwance a ƙasa, ko kuwa ta ɗan hau cikin cunkoson gari amma ta fāɗi da zarar an hau babbar hanya, to injin ne da kansa ba ya yin zafi. Laifin ba na hita ba ne. Idan kuwa allura tana tsakiya amma iska da sanyi, sai a nemi dalili a wajen ruwa, ko zuciyar hita, ko marfin iska.

Na biyu, ruwa ya isa?

Da safe, kafin a tayar da injin, ka buɗe bonet ka dubi ɗan tankin roba na ruwa. Akwai zane biyu a jikinsa, na ƙasa da na sama, ruwa ya kasance tsakaninsu. A motocin da lagireto yake da murfi, ka buɗe shi ka leƙa. A yawancin motoci zuciyar hita tana zaune a wuri mai ɗan tudu, don haka idan ruwa ya ragu, ita ce take fara rasawa. Alamar wannan a fili take: hita ta yi ɗumi sa'ad da ake gudu, ta huce idan an tsaya, wani lokaci kuma a ji ƙarar ruwa yana ɓulɓul a bayan dashbod.

Idan ruwa ya ragu, cikawa kaɗai ba magani ba ne. Ruwan mota a rufe yake, ba ya ƙarewa haka kawai. Ka tambaya, ina ya tafi? Dubi bakin kowane tiyo, da ƙarƙashin famfon ruwa, da jikin lagireto, ko za ka ga danshi ko farin busasshen tabo. Murfin lagireto ma yana tsufa. Aikinsa shi ne ya riƙe matsi na awo 13 zuwa 16 a ma'aunin masu faci, watau kimanin rabin iskar da take cikin taya. Wannan matsi ne yake hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta mutu yakan bar ruwa ya tsere kaɗan kaɗan.

Gargaɗi, kuma a koya wa samarin gida: faufau kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan zai yi tsalle da tururi ya ƙone fuska da hannu. A jira ya huce sarai tukuna.

Wani lokaci ruwa ya isa, amma iska ta maƙale a ciki, musamman bayan an sauya tiyo ko an wanke lagireto. Iskar nan takan taru a zuciyar hita ta tare hanya. Motoci da yawa suna da ɗan kusa na fitar da iska a jikin tiyo ko kusa da gidan tamostat. Makanikin kirki yakan cika ruwa a hankali, hita tana murɗe zuwa zafi, ya buɗe kusan har ruwa ya fito babu kumfa.

Na uku, mai gadi yana nan?

A nan ne babban labarin yake. Motocin gwanjo da ake kawo mana daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo, da tamostat ɗinsu suke zuwa. Amma al'ada ta kafu a garejojinmu cewa wannan abu na ƙasashen ƙanƙara ne, a ƙasar zafi ba shi da amfani sai kawo tafasa. Sai a cire shi a yar. Sau da yawa kuma a haɗa wayar fankar lagireto kai tsaye, ta riƙa juyawa tun daga lokacin da aka murɗa makulli. Mai mota na uku ko na huɗu ya saya, bai ma san an yi wannan aiki ba, sai hunturu ya tona asiri.

Ga yadda za ka gane ba tare da ka kwance kome ba. Da safe ka tayar da injin daga sanyi, ka dafa babban tiyon da yake shiga lagireto ta sama. Ka nisanta hannu da hannun riga daga fanka da fambel. A mota mai tamostat mai lafiya, tiyon zai zauna da sanyi na waɗansu mintoci, sa'an nan farat ɗaya ya yi zafi, watau ƙyaure ya buɗe ke nan. Idan kuwa ya fara ɗumi sannu sannu tun daga farko, to tamostat babu, ko kuwa ya maƙale a buɗe. A waɗansu injuna tamostat yana wajen tiyon ƙasa ne, sai a gwada wancan. Idan kuma fanka ta tashi tare da injin da sanyin asuba alhali ba a kunna iyakwandishan ba, an yi mata haɗin kai tsaye. Motocin da suke da kwamfuta sukan kai ƙara da kansu: fitilar injin ta kama, idan an sa na'urar bincike a ga lamba P0128, ma'anarta ruwan injin bai kai zafin da ya kamata ba.

Shin gaskiya ne tamostat na ƙasar sanyi ne? A'a. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da sauran ƙasashen hamada da shi suke fitowa daga masana'anta. Idan rana ta take, ƙyauren yana buɗe gaba ɗaya, ba ya hana ruwa wucewa. Abin da yake hanawa shi ne injin ya yi sanyi fiye da kima. An ƙera injin ne domin ya yi aiki a wajen digiri 90. A nan ne ƙarafansa suke kumbura su zauna daidai da juna, baƙin mai kuma ya yi laushin da ake so. Injin da yake yini da sanyi yana biyan haraji ta hanya uku. Kwamfutar mota tana ɗauka har yanzu asuba ce, sai ta ƙara zuba fetur, kuɗin mai ya hau. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Danshin da ya kamata zafi ya kore shi kuma yana taruwa cikin baƙin mai ya zama dagwalo. Ban da wannan, a injuna da yawa tamostat yana da aiki na biyu: idan ya buɗe hanyar lagireto, yakan toshe gajeriyar hanyar da ruwa yake bi ya koma injin. In an cire shi, wani ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanya bai taɓa lagireto ba, har motar ta yi tafasar da ake gudu.

Me ya sa al'adar ta kafu? Makanikai ba wawaye ba ne. Tsohon tamostat yakan maƙale a rufe, injin ya tafasa, a cire shi a ga sauƙi nan take. Lagireton da ya toshe ma, cire tamostat yakan ɓoye ciwonsa na ɗan lokaci. Amma maganin mai gadin da ya tsufa shi ne a ɗauki sabo, ba a bar ƙofa a buɗe ba. Tamostat yana cikin kayan mota mafi araha. Ka sayi mai lambar awo daidai da ta motarka. Kana iya gwada shi a gida kafin a ɗaura: rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Ko a Jos, inda ruwa yake tafasa a wajen digiri 96 saboda tudu, gwajin yana ci. Tukunyar kuwa kada ta zama ta girkin uwargida. Sa'an nan a mai da fanka kan na'urarta ta asali.

Na huɗu, zuciyar hita

Idan allura tana tsakiya, ruwa kuma ya cika, sai ka nemi ƙananan tiyo biyun nan da suke ratsa bangon da yake tsakanin injin da wurin zama. Injin yana da zafi, hita a murɗe har ƙarshe, ka taɓa su da hankali. Idan ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ruwa ba ya ratsawa: ko famfon hita ya maƙale, ko zuciyar ta toshe. Idan kuwa ka tarar an lanƙwasa tiyo ɗaya ya fita daga injin ya koma injin, bakunan hita suna nan a wofi, to wani ya riga ya raba ta da ruwa, labudda domin ta taɓa yoyo.

Abin da yake toshe ta, mu ne muke zuba shi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda yake daskarewa cikin ƙananan bututu kamar farin ɓawon da muke gani a gindin butar shayi. Ruwa zalla kuma yana kawo tsatsa. Waɗansu sukan zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono domin tsai da yoyon lagireto. Bututun hita sun fi na lagireto ƙanƙanta, su ne suke fara cikewa. Ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana da maganin tsatsa, yana kuma ƙara wa ruwa jimrin zafi. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Irin na dā ana sauya shi kamar kowace shekara 2, na zamani yakan kai shekara 5. Kada a gauraya iri biyu. A kuma ɓoye shi nesa da yara da dabbobi, gama yana da zaƙi a baki amma dafi ne mai kashe ƙoda. Kada a taɓa ajiye shi cikin kwalbar lemo.

Zuciyar da ta toshe sau da yawa tana wankuwa. A cire tiyo biyun, a tura ruwa ta bakin fita domin datti ya koma ta inda ya shigo, har ruwa ya fito garau. A yi da ruwan famfo mai sauƙin ƙarfi, ban da injin wankin mota, domin zai fasa ta. Wadda ta riga ta fashe tana da alamunta: wari mai zaƙi-zaƙi cikin mota, danshi a shimfiɗar ƙafar fasinjan gaba, da wani maiƙo a gilashi wanda ba ya goguwa. Sauya ta aiki ne mai tsada, gama a motoci da yawa sai an sauke dashbod.

Idan tiyo biyun duka suna da zafi amma ɗumi ba ya fitowa, saura hanyar iska. Wayar maɓalli takan zame, ko ɗan injin da yake juya marfi ya mutu, a riƙa jin ƙas-ƙas a bayan dashbod. Idan iskar ce ba ta da ƙarfi, a dubi matatar iska, wadda yawanci take bayan akwatin gaban fasinja. Ƙurar hunturu takan cika ta. Fankar da take aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, ɗan abin da yake rage mata gudu ne ya ƙone, gyara ne mai sauƙi.

Alamun da ba a jira da su

Idan hita tana ɗumi sai ta huce farat ɗaya, allura kuma tana hawa zuwa ja, ka tsaya nan da nan ka kashe injin. Ruwa ya ƙare, ko famfon ruwa ya daina turawa. Haka kuma idan ruwa yana raguwa ba a ga yoyo ba, farin hayaƙi mai kauri yana fita daga salansa ko bayan injin ya yi zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko kumfa tana tasowa a tankin ruwa, to gasket ɗin kan injin ne ake zargi. Wannan aikin gareji ne, kuma kowace rana ta jinkiri tana ƙara masa kuɗi.

Masu tsohuwar Volkswagen Beetle, irin wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, nasu daban ne. Injinta ba ya amfani da ruwa, hitarta daga jikin bututun hayaƙi take ɗebo zafi. Idan bututun ya huje, hayaƙi yana iya shigowa tare da ɗumi. A cikin hayaƙin mota akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara da ciwon kai da jiri da barci, tana ƙarewa da mutuwa. Saboda ita ne ba a barin kowace irin mota tana aiki cikin rufaffen gareji, ba a kwana cikin mota injin yana aiki, ba a kuma shiga da kaskon garwashi cikin mota domin jin ɗumi, kome tsananin dari.

Amfanin da ya wuce jin daɗi

Hita mai lafiya ita ce take share tururi daga gilashin gaba da asuba ko cikin ruwan sama na Agusta. Juya iska zuwa gilashi, ka murɗa zuwa zafi, ka buɗe ƙofar iskar waje maimakon a riƙa juya ta ciki, in akwai iyakwandishan ka kunna shi tare, domin yana busar da danshi. Direban da yake ganin hanya sarai, hannunsa biyu a kan sitiyari, shi ne yake ganin yaron da ya tsallaka ko motar da ta lalace a kwana.

Tana kuma iya ceton injin. Idan allura ta fara wuce tsakiya a kan dogon hawa irin Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, kashe iyakwandishan, murɗa hita da fankarta har ƙarshe, sauke gilasai. Hita lagireto ce ta biyu, za ta janye wani zafin har ka sami wurin tsayawa lafiya. Wanda aka yanke wa tiyon hita ba shi da wannan mataimaki.

Sa'ad da ka je gareji, kada ka ce kawai, "Hita ba ta aiki." Ka ce, "Malam, allura ba ta hawa, tiyon sama kuma yana ɗumi tun daga farko, a duba mini tamostat." Ko kuwa, "Tiyon hita ɗaya zafi, ɗaya sanyi." Ka roƙa a nuna maka abin da aka cire da wanda za a sa. Makanikin da ya ga ka san abin da kake faɗa zai yi maka aiki da natsuwa, kai kuma ba za ka sayi abin da ba ka bukata ba. Mai sayen motar gwanjo shi ma ya gwada hita kafin ya biya, ko da a watan Afrilu ne, gama za ta gaya masa yadda masu motar na baya suka riƙe injin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cikin Oktoba ko Nuwamba, maigida ya keɓe safiya ɗaya, ya kira ɗansa ko 'yarsa su buɗe bonet tare, su dubi ruwa, su dafa tiyo, su lura da allura. A sauran watanni kuma a riƙa kunna hita na minti 5 sau ɗaya a wata, domin ruwa ya zaga cikinta, famfonta kada ya maƙale. Aikin bai fi na rabin sa'a ba, yaran kuwa za su tashi da sanin abin da direbobi da yawa ba su sani ba.